Belin da na nema wa Malam Ɗanladi

Har yau ban manta da safiyar da Malam Ɗanladi mai gyaran keken ɗinki ya tare ni a ƙofar gidana a Sabo ba. Zamanin mulkin soja ne, ina aikin tafinta a wata kotun majistare a Ibadan. Karatuna bai wuce firamare ba, amma da yake kullum ina kotu, mutanen unguwa suka ɗauke ni kamar lauya. Ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

Ya ce kan keken ɗinkin Hajiya Talatu, matar Alhaji Mudi mai goro, ya ɓace. A cikin gida take ɗinkinta, kuma shi ne baƙo na ƙarshe da aka shigar ya gyara keken. Har an fara yi masa wani irin kallo a masallaci. Shekara talatin yana Sabo, bai taɓa kwana a hannun hukuma ba.

"Malam tafinta, a taimaka a yi mini beli tun kafin a kama ni," in ji shi.

Na gaya masa beli na wanda ke hannu ne. Da a nan na tsaya, da shi ke nan. Sai na ƙara da cewa abin mai sauƙi ne: a kama shi da safe, a kai shi kotu, a sake shi kafin la'asar.

Muka je caji ofis. Sajan ya duba littafi ya ce ba wanda ya kawo ƙara, ba zai kama mutum haka kawai ba. Muka koma wurin Alhaji Mudi, ya ce shi bai zargi kowa ba. Muka yi ta roƙonsa don darajar maƙwabtaka ya daure ya kai ƙara. Ana yayyafi, Ɗanladi ne ma ya riƙe masa lema har ofishin. Aka kama Ɗanladi, aka kai shi kotunmu.

Ga waɗanda ba su sani ba, abin da alƙali ke dubawa a belin sata shi ne girman laifin, da ko mutum zai gudu, da wanda zai tsaya masa. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce wanda ya nemi beli kafin a kama shi ya san abin da ya aikata, kuma in aka sake shi tashar Ojoo zai nufa ya hau motar Arewa. Da bakina na juya wa Ɗanladi wannan magana zuwa Hausa. Ya dube ni ya ce, "Kai ma haka ka gani?" Na ce masa fassara nake yi.

Alƙaliya ta ba da beli, amma sai mai tsayawa ya kawo takardar mallakar gida. Na manta cewa yawancin gidajenmu na Sabo gado ne, shaidarsu a bakin dattawa take. Alhaji Mudi ya ce zai tsaya, aka ce mai ƙara ba ya tsaya wa wanda ya kai ƙara. Aka wuce da Ɗanladi gidan yari.

Washegari 'yar Hajiya da ke aure a Mokola ta dawo da kan keke. Ita ta ɗauka aro ranar da uwar ta tafi barka. Muka garzaya kotu da shi, magatakarda ya ce ba a janye ƙara sai ranar da aka sa za a dawo zama, alƙaliya kuma ta tafi hutu. Mako uku ya yi a tsare.

Da ya fito, gidana ya fara zuwa ya yi mini godiya, ya ce da ba don na san kan shari'a ba, da Allah kaɗai ya san tsawon zaman da zai yi. Ban iya gaya masa gaskiya ba har ya rasu.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, mutanenmu suna gaskata duk wanda suka ga yana shiga kotu da takarda a hannu. In aka tambaye ku abin da ya fi ƙarfinku, ku ce ba ku sani ba. Ni ban faɗa ba, Ɗanladi ne ya kwana a ciki.