Zarena Mai Ƙulli a Cikin Majanyi

Jiya ɗiyata ta dawo daga wurin ƙawayenta masu saƙa, tana ɓoye wata 'yar hular jariri da ta karkace mata. Sai na tuna Kaka.

Tun tana budurwa a Tasawa, kafin zuwan Nasara, in mace ta kusa haihuwa kowace maƙwabciya takan kaɗa zare mazari guda, a haɗa a kai wa masaƙi ya saƙa majanyi. Har tsufanta ba ta bar wannan al'ada ba. Har yanzu ina ganin yatsunta fari fat da alli, ina jin ƙarar mazarinta siririya.

Da yayata ta yi ciki, ni ma na kaɗa nawa a hutun lakwal, wato makarantar boko. Ya fito da kauri, duk ƙulli. Wata ta ce, "Wannan ai na ɗaure akuya ne," aka yi ta dariya. Na tura shi ƙarƙashin tabarma, hawaye ya cika mini ido.

Kaka ta zaro shi, ta ja da ƙarfi, bai tsinke ba. Ta ce, "Ke 'yar lakwal, jaririn kyau zai duba, ko dai kar ya faɗo? Ku sa shi tsakiya."

Majanyin ya goyi yaran gidanmu da yawa, layin zarena ya fi sauran tudu. Yau da safe ni da ɗiyata muka kai hular gidan suna, aka sa wa jaririn.

Allah ya haskaka kabarinki, Kaka, ya lulluɓe ki da rahamarsa.