Kaskar da Muka Murje a Hanyar Damagaram

Daga Maigatari har Sule Tankarkar babu mai ɗacin jini irina. Sauro ma in ya cije ni, shi ake kaiwa kemis. Haka nake cika baki a kara, kasuwar shanu, har daminar bara da muka tsallaka Nijar sayo shanu, ni da abokin cinikina, wani Alhaji mutumin Gagarawa.

Kwana tara muka yi muna bin rugage. Shanun kuwa kaska ta lulluɓe musu kunnuwa da hantsa. Mu 'yan kara ba ma kai saniya kasuwa da kaska a jiki, kada mai saye ya raina ta. Sai mu tsuguna mu cire da hannu, mu murje tsakanin farce biyu har ta fashe. Ni har gasa na sa mana. Jini ya rine mana yatsu, muka goge a riga, muka ɓara goro muka ci.

Kwana huɗu da dawowarmu, Alhaji bai zo kasuwar Alhamis ba. Aka ce zazzaɓi ne, ya sha magani. Na je duba shi da tsokanata a baki, na tarar da shi idanu jajur, ya toshe hanci da tsumma, tsumman ya jiƙe sharkaf. Ya yi mini murmushi, dasashinsa ma jini yake. Nan take muka ɗauke shi sai asibiti.

A asibiti likita ya tambayi inda muka je, da ko mun taɓa kaska. Ina cikin ba shi labarin gasar na ga ya ja kujerarsa baya, ya sa safar hannu. Ya ce akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da ake ɗauka daga jinin kaska, har da na wanda ya kamu. Aka keɓe Alhaji. Ni kuma aka ce in zauna ɗaki a gida ni kaɗai mako biyu, in na ga ɗigon jini ko'ina in aiko.

A rana ta shida da keɓe mu Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ma'aikata ne suka yi masa sutura, ko ƙannensa ba a bari sun taɓa shi ba. Ta taga aka gaya mini. Uwargida na ajiye tuwo a bakin ƙofa ta ja da baya, ni kuma ina zaune ina duban faratana.

Ranar da wa'adin ya cika na fito tsakar gida, na ce mata ko gezau ban yi ba.

Ta ce, "Haka ne, Malam. To a dawo mini da farin kwanona da kake tofa yawu a ciki kana leƙawa sau ashirin a wuni."