Ƙarfen da Yaya Ke Dakonsa

Yayana injin sassaƙa ƙarfe yake ja, kuma duk layin masu gyara da abu ɗaya aka san shi: ƙwallon ƙarfe, irin wadda ake ɗorawa a kan ƙyauren gida ko a kan sandar giyar mota. Ƙarfe na juyawa a bakin injin, hannun dama na murɗa wannan mariƙi, na hagu na murɗa wancan, har abu ya fito sumul. Sauran ma'aikata in sun gwada, dankali suke fitarwa. Don wannan hannun mai shagon ya riƙe shi har furfura ta cinye masa kai.

Sai hannun ya fara rawa. Ni na fara lura, don rumfata ta noti da ƙusa tana kallon ƙofarsu.

Na ce, "Yaya, ka je asibiti mana."

Ya ce, "In Maigida ya ji ya sallame ni, wa zai ci da yaran? Kai, Auta?"

Ni kuwa ta kaina nake yi.

A ɓoye ya samo tsohon boris na ƙafar mota da faifan ƙarfe mai kauri, ya kafa haƙorin yanka a kai, ya sa masa dogon mariƙi. In ya ɗaure shi a injin ya tura mariƙin a hankali, haƙorin ya zagaya ƙarfen, ƙwallo ta fito da kanta, ba ruwanta da rawar hannu.

Na ce, "Ai ka warke!"

Ya harare ni. "Kai dai har yau ba ka da tunani. Wannan ko makaho ka ba, zai yi ƙwallo. Ranar da aka gan shi, tawa ta ƙare."

Injinsa a lungu yake, sai ya riƙa aiki ya ba mutane baya. Da yamma ya kwance abin, ya jefa a buhu, ya saɓa zuwa gida. Da safe ya saɓo shi. Wallahi takaici ya ishe ni. Mutum ya ƙera abin da zai hutar da shi, ya koma yi masa dako kamar jaki, kafaɗa duk ta karkace.

Ran nan aiki ya yi yawa, ni kuma na tafi sarin kaya. Da yamma ya ɗora sifana a kan noti don ya kwance abin, hannu ya ƙi. Ya daɗe a zaune, sannan ya rufa wa abin buhu ya tafi gida. Gajiya ce kawai.

Washegari muka iso tare. Ƙwallaye jere a kan benci suna sheƙi, an yaye buhun, mai waldar shagon na tura mariƙin da hannu ɗaya yana dariya. Maigida ya taro Yaya da murna, kuma murnar ta gaskiya ce.

"Baba, ashe haka kake da basira ka ɓoye mana? Ka ƙera mana biyu irinsa, kai ma ka samu ka huta."

Yaya ya ce, "To, Maigida."

Ya kuwa ƙera su, masu kyau, don bai iya aikin banza ba. Ranar da ya gama na biyun ya tsallako titi, ya tsaya a bakin rumfata yana ta goge hannu da tsumma, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Auta," ya ce, "in ka tafi sari, wa ke tsare maka rumfa?"