Darar da Muka Kai wa Baffa a Fadamar Haɗeja

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku a mota: ni, da direba, da wani abokina malami a makarantar makafi. Shi ma makaho ne, ƙyanda ce ta tafi masa da ido tun yana ƙarami. A bayan mota akwai kwali guda cike da kayan wasa, kuma wannan kwalin shi ne dalilin tafiyar. Masu tambayar inda na ɓace a ƙarshen makon jiya, ga labarin.

Baffana, ƙanin mahaifina, yana zaune a wani ƙauye tsakanin Kirikasamma da Guri. Mu Fulani ne, amma shanu sun daɗe da barin gidanmu, shi noman shinkafa ya kama a fadama. Duk yankin an san shi da dara. In ya zauna bakin rairayi bayan la'asar, mutane har daga wasu ƙauyuka suke zuwa kallo. Sai hawan jinin ido ya kama shi, kafin a farga gani ya tafi, likita ya ce ba ya dawowa. Tun daga nan Baffa ya shige ɗaki. Ko masallacin Juma'a sai da lallami. Matarsa, Inna, ta ce min a waya ba wani ciwo da ke damunsa, amma mutumin ƙarewa yake yi. Maganar ta tsaya min a rai, har na kai ta wajen wannan abokin nawa, shi kuma ya ce in shirya mota.

A Ringim muka tsaya shan shayi. Ƙwai yanzu ya zama abin marmari, mai shayin ma sai da ya tambaye mu sau biyu ko da gaske muke kafin ya fasa mana shi. Nan abokina ya yi min bayanin abin da muka ɗauko. Akwai ludo mai layuka a tashe, wanda hannu ke bi kamar kunyar gona. Akwai ƙwallo mai ƙararrawa a ciki. A wayarsa kuma akwai wasan tseren mota da ake yi da kunne zalla, ba hoto ko ɗaya, ƙara ce ke gaya maka kwana ta hagu ce ko ta dama. Direbanmu ya ce a ba shi ya gwada. Ya rufe ido, ya saka abin kunne, bai yi nisa ba ya afka da motar cikin bango, ya sake ya kuma afkawa. Abokina ya ce gaskiya hankalinsa ya tashi, gara shi ya karɓi tuƙin zuwa Haɗeja.

Amma abin da muka zo dominsa allon dara ne. Shi da ɗalibansa da wani kafinta suka yi ta gwaji har suka dace. Katako ne aka huda masa gidaje, kowane ɗa yana shiga raminsa ya zauna daram, hannu ya bi ta kansa bai ture shi ba. 'Ya'yan ɗan wasa ɗaya kansu mulmulalle ne, na ɗayan masu kusurwa. A rairayi makaho na kai hannu ya rushe wasan, a nan kuwa yana iya lalube yadda ya ga dama.

Daga Gujungu ƙasar ta fara canzawa. Damina ta ja baya amma ruwanta bai tafi ba, yana kwance hagu da dama, shinkafa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje. Inda ba shinkafa, kachala ce ta cika wuri, ciyawar nan mai tsayi da manoma da masunta ke kuka da ita don toshe hanyoyin ruwa. Mun shiga Haɗeja da hantsi, ƙamshin banda ya tarye mu tun kafin mu ga kasuwar kifi. Na tsaya in saya wa Inna tarwada. Mai kifin na jin bakin Kano ya ɗaga farashi sama, ya kuma rantse cewa don ni ne ya rage. Na saya dai, don ba na iya ciniki, kuma duk wanda ya san ni ya san haka.

Bayan Kirikasamma muka sauka daga kwalta, ba mu yi nisa ba ruwa ya yanke hanya. Muka bar direba da mota a gindin wata tsamiya, muka shiga kwalekwale. Abokina ya ƙi yarda a ajiye kwalin a ƙasa, ya rungume shi a cinya. Tsuntsaye ne birjik, mai tuƙin ya ce daga wajen Baturiya suke tasowa. Ban ji daɗin kallonsu ba sosai, don hankalina ba ya wajensu. Rabona da Baffa tun yana gani.

Na tarar da shi a bakin gado, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya gane muryata tun daga sallama. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗora masa allon a cinya na gaya masa ko mene ne, sai yatsunsa suka fara bin gidajen layi layi, kamar ba da izininsa ba. Ya ɗauki ɗa guda ya jujjuya, ya saka, ya zare. Sai ya ce aikin ya yi kyau, Allah ya yi albarka, amma da wa zai yi?

Duk gidan mun san amsar. Akwai Bukar, Babarbare mai rumfar gyaran komar kamun kifi a bakin kasuwa, abokin darar Baffa tun suna samari. Wanda bai san wasan Fulani da Barebari ba, sai ya ɗauka gaba ce tsakaninsu. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Bukar ya ce Bafillace bai san komai ba sai bin wutsiyar saniya, Baffa ya ce Babarbare ko gaisuwa sai ya nemi a biya shi. A haka suka tsufa. Inna ta ce min tunda abin nan ya faru Bukar bai fasa zuwa ba, sai dai da kunu yake zuwa da addu'a, kuma duk ranar da ya zo Baffa ba ya cin tuwon dare.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka aika wa Bukar. Ya zo da dattawan majalisarsu. Ya durƙusa, ya sassauta murya, ya ce sannu Malam, ya ƙarfin jiki, Allah ya sa kaffara ne. Na ga fuskar Baffa ta ɗaure.

A majalisar nan akwai wata doka: in ka taɓa ɗa, to shi za ka motsa, ba fasawa. Baffa ne ma ya fi kowa tsanani a kanta, an ce ya taɓa tashi daga wasa da wani mai unguwa saboda ita. To yanzu ga shi dole sai ya taɓa kowane ɗa kafin ya san inda wasa yake. Dattawan suka yi saurin cewa ai ba komai, yau babu doka, ya taɓa abin da ya so, ya mayar in ya so. Aka fara. Ban taɓa ganin dara irin wannan ba. Ba mai tsokana, ba mai ba da shawarar da ba a nema ba, ba mai dariya. Zaure ya yi tsit kamar wajen zaman makoki. Baffa ya jera uku ya ci, ya sake jerawa ya ci, dattawa suna ta cewa madalla.

Sai ya tsaya. Ya bi allon da tafin hannu a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo kan wani gida da Bukar ya bari a buɗe, gidan da ko sabon shiga ba zai bari ba. Ya ture allon daga gabansa.

"Wa kuka kawo min?" in ji shi. "Bukar da na sani ba ya barin wannan gidan ko uwarsa ce ke wasa da shi. In ya mutu ku gaya min in yi masa addu'a."

Ya lalubi bango ya miƙe, ya ƙi a riƙe shi, ya shige ciki. Na ji kunya, na ji haushi, na kuma ji tsoron cewa mun yi doguwar tafiya ne kawai don mu ƙara masa ciwo. Bukar na zaune kansa a ƙasa, hawaye na bin tsagar fuskarsa. Ya ce shi wallahi bakinsa ne ba ya iya zagin mutumin da Allah ya jarraba.

Abokina ne ya yi magana, ba tare da ɗaga murya ba. Ya gaya musu cewa shi ya girma cikin duhun nan, ya faɗa rami, ya yi karo da bango, duk sun warke. Abin da bai saba da shi ba har yau shi ne yadda mutane ke canza murya in sun juyo gare shi, su yi masa magana kamar mai jinya. Ya ce Baffa ido ya rasa, amma su sun haɗa har da abokinsa sun ɗauke masa. Game da doka kuma, ya ce kada a jefar da ita, a gyara ta. A makarantarsu shafawa gani ce, kowa ya shafa yadda ya so. Amma wanda ya zare ɗa daga rami, to ya taɓa, dole ya tafi da shi. Dattawan suka yi ta juya maganar har aka kira magariba.

Mun kwana a garin. Inna ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifin da na kawo, ta kuma tabbatar min an cuce ni a ciniki. Da safe na shiga na gaya wa Baffa sabuwar dokar. Da ya gama saurare, ya ce a shimfiɗa tabarma.

Bukar ya zo, ya yi sallama, ya zauna, bai tambayi jiki ba. Aka zuba 'ya'ya. Wannan karon wasan ya yi zafi, na ga Baffa ya gyara zama, hannunsa na yawo a kan allon da sauri. Bukar ya ci ɗaya, Baffa ya rama. Can tsakiya Baffa ya zare wani ɗa, yana ɗagawa ya gane kuskure ne, don in ya matsar da shi ya buɗe wa Bukar hanya. Hannunsa ya tsaya a sama, sannan ya fara komawa da shi ramin a hankali. Kowa ya gani. Ba wanda ya yi motsi. Na dubi Bukar.

"Ka zare, bawana," in ji Bukar. "Tafi da shi. Da idonka ma ban ji tsoronka ba, balle yanzu."

Sai kafaɗun Baffa suka fara girgiza, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake hawayen ma sun zo. Ya matsar da ɗan, ya ce a shaida Babarbare ya ci amanar ubangidansa. Zaure ya kaure da hayaniya, wannan na cewa Bukar ya rufe can, wancan na cewa Baffa ya yi sake. Bukar ya cinye shi tas, bai bar masa komai ba. Baffa ya ce a sake.

Da muka tashi tafiya na tambaye shi inda zan ajiye masa allon, ko a gefen gado. Ya ce a'a, a kai shi rumfar Bukar. Inna ta ce ai kasuwa da nisa, ga rami ga kwata. Ya ce ya sani. In allon yana ɗakinsa, dubiya za a riƙa zuwa yi masa, shi kuwa ya gaji da dubiya. Ya sa aka ɗauko masa sandar kiwon mahaifinsu da ke rataye, ya ce abokina ya nuna masa yadda ake taɓa ƙasa da ita. Su biyu suka yi gaba, makaho na koya wa makaho hanya, ni da Bukar muna biye da allon. Mutane suka riƙa fitowa ƙofar gida suna kallo, wasu matan na share ido da bakin mayafi.

Ludo da ƙwallon mun bar su a hannun wani malamin firamare a Haɗeja da ke da ɗalibai masu lalurar gani. Muka kamo hanya, ba wanda ya cika magana, har direban ya kashe rediyo don kansa. Mun shigo Kano ana kiran isha'i.

Na tafi da tunanin katako mai ramuka nake kai wa Baffa, kuma lallai katakon ya yi aikinsa, Allah ya saka wa waɗanda suka zauna suka ƙirƙiro shi. Amma na dawo da sanin cewa kayan wasa ba sa wasa su kaɗai. Mu masu ido mun iya tausayi, kuma muna zaton ya isa, alhali wani lokacin shi ne ke rufe mutum a ɗaki. In kana da makaho a gida ko a unguwa, ka nemo masa irin waɗannan wasannin, sun fara samuwa. In kun zauna kuma, ka yi masa wasa da gaske, in ya yi kuskure ka cinye shi.