Gurbin Da Na Zaɓa Wa Inna A Bakin Teku

Edita, sallama gare ka da duk mai karanta wannan shafi. A lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce a Nuzla, kudancin Jidda, wadda duniyarta ba ta wuce ɗakin girki, tarbiyyar yara da karatun mata na bayan la'asar ba. A Sudan aka haife ni, cikin Hausawan da kakanninsu suka yada zango a hanyar hajji. Na gama sakandare, aure ya kawo ni nan. Maigidana direba ne a wani kantin kayan gini, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Mata a unguwa kan ce ina da lura, wai ko gishiri ya yi wa miya kaɗan daga ƙamshi nake ganewa. Wannan yabon shi ne ya fi ci mini rai yanzu, domin babu alamar da ban gani da idona ba a ranar, amma kowace na gani sai na ba ta fassarar da zuciyata take so.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, ta zo mana umra ta zauna tare da mu. Tana da ciwon sukari tun da daɗewa, amma mace ce mai raha, ba ta yarda a ɗauke ta majinyaciya. Wajen safa da marwa fason diddigenta na hagu ya tsage, ya zama ɗan miki da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na wanke, na shafa man shafawa, na ɗaure, amma ya ƙi kamewa. Duk sanda na yi maganar asibiti sai ta ce ita ba ta ƙetaro teku don ta miƙa wa maza ƙafa su yi ta juyawa ba, kuma wai ni tun ina yarinya ko sauro ya cije ni sai na tara gari.

Muna da wata maƙwabciya dattijuwa da ta daɗe a Jidda, kowa Hajiya yake ce mata. Da ta shigo gaisuwa ta ga ƙafar, sai ta yi mana faɗa, ta ce ga magani Allah ya shimfiɗa mana a bakin gari muna zaune muna kallonsa. Ta ce ruwan bahar, wato teku, yana busar da gyambo, yana kuma wanke bakin mutane, don a ganinta baki ne ya kama Inna saboda yadda ta yi ɗawafi da ƙafarta a waɗannan shekarun nata. Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba. A cikinmu mata da yawa kan kai yaro mai ƙuraje a tsoma shi, wasu har su ciko jarka su kawo gida. Ni kuma na ƙara da nawa sanin, na ce ai a Islamiyya an karantar da mu cewa ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi. Inna ta ce to wannan likitan ta yarda da shi, tunda ba ya tambayar takarda.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar maigidana ya ɗauke mu a mota. Kornish, inda ake shaƙatawa a bakin teku, ya cika maƙil, iyalai sun baje tabarmi, samari suna ta kai da komo. Inna ta leƙa ta taga ta ce ko za a yanka ta ba za ta yaye ƙwaurinta a gaban wannan taro ba. Na ga gaskiyarta. Ni ce na ce wa maigidana ya yi ta tafiya kudu har inda mutane suka ƙare. Muka bar fitilu da wuraren zama, muka bi wata hanya mai ƙura, har na hango wani lungu bayan duwatsu, ruwa ya shigo ya kwanta, babu kowa. Akwai allo a tsaye. Maigidana ya karanta ya ce an hana iyo a nan, mu koma. Na ce masa wa ya ce iyo za mu yi, ƙafa ce kawai za a tsoma, ai don masu nitsewa aka rubuta. Ya ce to mu yi sauri. Saboda kunyar suruka bai biyo mu ba, ya tsaya jikin mota ya juya mana baya. Shi ya sa bai ga ruwan ba. Ni kaɗai na gan shi da ido mai kyau, don Inna ganinta ya yi rauni.

Ruwan ba shuɗi ba ne irin na Kornish, kore ne mai duhu, ba a ganin ƙasansa. Duwatsun bakin duk sun yi gansakuka mai yauƙi kamar miyar karkashi. Akwai wani ɗan wari da ya tuna mini kwatar bayan gidanmu, na ce a raina ƙarnin kifi ne. Na ga ƙananan kifaye sun juya ciki sama a gefe, na ce masunta ne suka zubar. Can gaba kaɗan akwai wani faffaɗan bakin siminti da ruwa ke tsiyayowa daga cikinsa a hankali, ban ko tambayi kaina daga ina yake ba. Da na sa hannu na ji ruwan da ɗumi kamar na wankan jego, sai na yi hamdala, na ce Allah ya tausaya wa tsohuwa. Har wani ɗigo ya fantsamo mini a leɓe, na ji gishirinsa bai kai yadda na sani ba, na ji daɗi, na ce ba zai yi mata zafi ba. Na zaunar da ita kan dutse, na kwance ƙyallen, na tsoma ƙafar. Da yatsuna na riƙa buɗa mikin ina cuɗawa don ruwan ya shiga sosai. Inna ta lumshe ido ta ce tun zuwanta ba ta ji daɗi irin na yau ba, ta yi ta sa mini albarka. Kafin mu tashi na cika jarka.

Washegari da asuba Inna ba ta iya tashi alwala ba. Matar da ban taɓa jin ta yi raki ba, ita ce ke cije mayafi tana cewa kamar an sa ƙafar a murhu. Ƙafar ta kumbura ta yi ja, zafinta kamar gefen tukunya. Na aika aka kira Hajiya, ta duba ta ce alhamdu lillahi, magani ne ke janyo dafi waje, a ƙara. Na ɗauko jarkar na sake wankewa.

Akwai lallen da na ƙunsa wa Inna kafin umra, ya tsaya daidai idon sawu. Da safe jan yana ƙasa da bakin lallen. Kafin azahar ya haye shi ya kama ƙwauri, ina kallo yana hawa kamar ruwa a jikin tsumma. Sai wasu ƙuraje masu ruwa suka taso, manya, baƙi-baƙi kamar ƙunar mai. Jikinta ya ɗau rawa, ta fara kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. A nan tsoro ya shige ni irin wanda ban taɓa sani ba. Na kira maigidana a waya, har ina cewa takardar ziyararta ta kusa ƙarewa, kada a je a samu matsala. Ya ce in bar zancen takarda, in sa mata abaya, ga shi nan tafe.

A asibiti Allah ya haɗa mu da wani likita Bahaushe daga Nijeriya da ke aiki a nan. Ya ji muna Hausa ya juyo ya gaishe da Inna yana ce mata Mama, amma da ya yaye zanen ya ga ƙafar sai fara'ar ta ɗauke. Tambayar farko da ya yi ita ce ko ƙafar nan ta shiga ruwan teku. Wallahi saura kaɗan in ce a'a, don kunya da tsoro. Maigidana ya dube ni, na sunkuyar da kai na faɗi komai, har da jarkar. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce yanzu za a shiga da ita tiyata, ba zai yi mana alkawarin ƙafar ba, kuma mu yi addu'a kada abin ya riga ya shiga jini, don in ya shiga ba maganar ƙafa ake ba, maganar rai ce. Aka tura ta a gado tana kiran ƙanwarta. Na yi sallar magariba a wani lungu ban san raka'a nawa na yi ba. Duk sanda na ɗaga hannu addu'a sai in ga yatsun da suka buɗa mikin.

Bayan an fito da ita ne ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Ya ce teku ba ruwan gishiri ba ne kawai, cike yake da ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma akwai wata ƙwayar cuta a cikinsu da ba abin da take so kamar ruwa mai ɗumi, marar motsi, wanda gishirinsa ya ragu. Irin wannan ruwa ana samunsa inda magudanar gari ke zuba a teku. Ruwan wanke-wanke da dattin titi su ne takin da ke sa gansakukar nan ta yi yawa, ita kuma in ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, shi ya sa na ga matattu. Ya ce mai lafiya zai iya shiga ya fita ba abin da ya same shi, amma mai sukari da buɗaɗɗen miki kamar an buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Wuraren da aka ware don shiga ruwa, in ji shi, ana auna ruwansu, inda kuma aka kafa allo ba zurfi kaɗai ake gudu ba. Yana magana ina jin kamar ya bi mu wurin, domin duk abin da ya ambata na gan shi, na kuma yi murna da shi.

An shiga da Inna tiyata an sake shiga, ana yanke naman da ya mutu, cutar tana gaba. Kwanakin nan ko ƙarar takalmin ma'aikaciya na ji a baranda sai in miƙe tsaye. A ƙarshe suka ce in ana son ranta sai an cire ƙafar daga ƙasan gwiwa. Aka cire. Da ta dawo hayyacinta na durƙusa gefen gadon na gaya mata ni na ga allon, ni na ga launin ruwan, ni na ji warinsa na yi shiru. Sannan ta tambaya ina aka kai ƙafar, aka ce an binne ta. Ta ce to mutane suna ta roƙon Allah ya sa a binne su kusa da Makka, ita ga ƙafarta ta riga ta kama mata wuri. Ta dafa kaina ta ce in tashi, ita ce ta ƙi zama cikin mutane. Na san don ta sauƙaƙa mini ta faɗa.

Hajiya har yau cewa take ƙaddara ce, kuma ban musa ba, komai da ƙaddara. Amma na koma na tuna sauran darasin da na yanke rabinsa ranar nan. Malamarmu da ta ce ruwan teku mai tsarki ne, ita ce kuma ta ce duk ruwan da ƙazanta ta canja masa launi ko ɗanɗano ko wari ya tashi daga mai tsarki. Addini bai ruɗe ni ba, ni ce na ɗauki abin da ya dace da buƙatata na bar saura. Na kuma gane cewa ruwan da ya ci ƙafar Inna ba daga wata ƙasa ya zo ba. Ni ma na sha juye man suya da ruwan wanki a kwata, na sha tura shara bakin magudana in an yi ruwan sama don ta tafi. Ban taɓa tambayar ina take zuwa ba. Yanzu na sani, kuma na daina.

'Yan'uwana mata, musamman mu da ke zaune a garuruwan bakin teku, ina roƙonku kada ku kai miki teku, balle na mai sukari ko tsoho, ku kai shi asibiti. In sutura kuke nema, ku nemi wurin da aka ware wa mata, kada ku bi lungu don kun ga ba kowa. Wani lokaci dalilin da ya sa ba kowa shi ne abin gudun. In kun ga allo ku yarda da shi ko ba ku san dalilinsa ba, kuma ku kula da abin da kuke zubarwa a kwata.

Inna tana nan tare da mu, tana tafiya da sanda da ƙafar roba, tana tsokanar jikokinta kamar da. Ni nake zuba mata ruwan alwala. Kullum in na gama wanke mata ƙafar dama, sai hannuna ya miƙa da butar wajen ta hagu, sai ta riƙe mini hannu a hankali ta ce halas, 'yar nan, an gama.