Anti Unaisi, Mai Raba Namu da Nasu

Kowace safiya Anti Unaisi Rokotuibau takan sauka daga motar garin Nausori, ta ajiye gurasarta ta roti kusa da butar shayi, ta buɗe tarihin manhajarmu ta duba abin da muka ɓata jiya. A ofishinmu na birnin Suva muna rubuta manhajar da ke tsara tafiyar jiragen ruwa tsakanin tsibirai. Kowa da reshen aikinsa a Git, rumbun da ke ajiye tarihin manhajar. In ya gama sai ya yi rebase, wato ya cire reshen ya dasa shi a kan aikin jama'a. Wurin dashen nan ake kuka, kuma ita ake kira.

Teburina na kusa da nata, ni kuwa ba mai magana ba ce, don haka na ga abubuwa.

Wata Alhamis Pravinesh, abokin aikinmu, ya gama gyaran lissafin janyewar teku, wanda zai hana jirgin tsibirin Kadavu shiga mashigin duwatsu ruwa bai cika ba. Washegari za a saki jadawali. Wurin dashe aikinsa ya ci karo da na wasu, kwamfuta ta tambaye shi wanne za a bari, "namu" ko "nasu". Ya zaɓi "namu" har ƙarshe. Gyaran ya ɓace.

"Anti, aikina ya bi ruwa!"

"Ruwan ma ya ƙi shi? Me ka danna?"

"Namu mana. Ai nawa ne."

"Naka a gidan wa? In ka zo dashe kai ne baƙo, ɗana. 'Namu' na masu gida ne, kai ne 'nasu'. Da hannunka ka kori kanka."

"To shi ke nan, in tattara kayana?"

"Tattara hankalinka dai. Matso."

Ba ta karɓi kwamfutar ba. Ta sa shi ya bi sawun reshen baya har inda yake kafin dashen, ya dawo da shi, ya sake dasawa a hankali yana karanta kowane karo. Kafin shayinta ya huce gyaran ya dawo. Jirgin ya shiga mashigin a kan cikar ruwa, fasinjoji ba su san an yi ba.

Anti, ke ce ba a ganin sunanki a tarihin da kike gyarawa, domin aikin kowa da sunan mai shi kike mayar da shi.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya ta koma ƙauyensu a Kadavu. Mun gode, Anti. Mu da muka rage, mu koyi karanta karo kafin mu danna, mu kuma zauna da wanda ya ruɗe.

Jiya na daure na tambaye ta ko tana ɗokin komawa gida.

Ta ce, "Gida? Na daɗe a birni, 'yata. Dashe zan je. Can ni ce 'nasu'."