Ranar da Na Hana a Yi wa Ƙanena Kirari

Mu matan ajin yaƙi da jahilci ne muka shirya wasan kalangu a Talata Mafara, don tallafa wa mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Maradun. Tun kafin a fara na ja kunnen maroƙin da ke yi wa mawaƙinmu sanƙira: wanda duk ya ba da gudummawa a yi masa addu'a, amma kada a kama sunansa ko garinsu. Taro irin wannan ba ya rasa masu kai rahoto daji.

Bayan la'asar ƙanena da ke zaune a Ruwan Gizo, manomi a Bakolori, ya sa aka sauke buhunan shinkafa gudummawa. Kiɗa ya yi zafi, maroƙi ya manta.

"Ina mai shanun Ruwan Gizo! Mai rumbunan da ba su..."

Na ratsa fili na fizge makirfon. Kalangu ya tsaya cak.

"Haba Hajiya, abincina za ki toshe?"

"In sun ɗauke shi, da kalangu za ka amso mani shi?"

Ƙanena ya fice a fusace, wai na kunyata shi. Amma sunan garin ya riga ya fita. Na bi shi na zare makullin babur ɗinsa don kada ya koma can a ɗauke shi. Har aka yi girbi a zaurenmu yake kwana, gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa.